Django ta cika shekara 20, har yanzu ba ta jin Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in ja hankalin masu karatu, musamman matasanmu da suka riƙi gina shafukan intanet a matsayin sana'a, zuwa ga wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar ta shafi Django, manhajar gina shafukan intanet da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python, wadda a watan Yulin 2025 ta cika shekara 20 da sakinta ga jama'a kyauta.

Ga wanda bai san ta ba, mai gina shafi tamkar magini yake, kuma akwai abubuwan da kusan kowane shafi ke buƙata: ƙofar shiga da kalmar sirri, guraben cike bayanai, hanyar ajiye su a rumbu da ɗauko su, da kariya daga masu kutse. Django ta tanadi waɗannan duka, har da wani shafin gudanarwa da take samarwa da kanta, ta yadda mai aiki zai mayar da hankali kan abin da ya bambanta aikinsa da na wani. Asalin rubutunta a buɗe yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya yi kasuwanci da ita ba tare da ya biya kowa ko kwabo ba. Instagram ma da ita aka kafa shi.

Abin da ya sa na ga jarida ce ta fi dacewa da wannan magana shi ne, a gidan jarida aka haifi Django. A shekarar 2003, Adrian Holovaty da Simon Willison suna aiki da jaridar Lawrence Journal-World da ke garin Lawrence a jihar Kansas ta Amurka, inda 'yan jarida ke buƙatar sabon shafi cikin sa'o'i kaɗan domin labari ba ya jira. Matsin wannan aiki ne ya sa suka haɗa kayan da ya zama Django, kuma a 2005 kamfanin jaridar ya amince a sake ta ga duniya. A 2008 aka kafa gidauniya mai zaman kanta, Django Software Foundation, wadda ke riƙe da amanarta, take karɓar gudummawa, take kuma biyan wasu 'yan tsirarun ƙwararru albashi domin su duba gyare-gyaren da masu sa kai ke aikowa su toshe kafofin tsaro. Sabuwar fitowa tana zuwa kusan duk wata 8, sannan duk shekara 2 ana sakin wadda za a kula da ita na tsawon shekara 3. Irinta ce 5.2 da ta fito a Afrilun 2025. Ina ambaton wannan ne saboda makarantu da asibitocin da aka gina wa shafi aka tafi aka bar su, domin duk shafin da ke kan fitowar da wa'adinta ya ƙare ba ya ƙara samun gyaran tsaro.

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan zaure. Shirin Django Girls da aka fara a 2014 domin koya wa mata gina shafi a yini guda ya samu karɓuwa ƙwarai a Nijeriya da Ghana. Anna Makarudze, 'yar Zimbabwe, ta taɓa shugabantar gidauniyar Django Software Foundation baki ɗayanta. A Nuwamban 2023 aka yi babban taron Django na Afirka na farko a Zanzibar, aka sake yin wani a birnin Arusha na Tanzaniya a 2025. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne jerin harsunan da manhajar ke magana da su. Akwai Larabci, akwai Suwahili, akwai harshen Kabyle na Aljeriya, kuma a 2020, da fitowar 3.1, harshen Ibo ya shiga. Na bi jerin fitowar 5.2 daga sama har ƙasa, ban ga Hausa ba, harshen da miliyoyin mutane ke ciniki da karatu da sauraron rediyo da shi daga Kumasi har zuwa Sudan.

Wani zai ce ai masu rubuta manhaja duk suna jin Turanci, to mene ne abin damuwa. Amsata ita ce abin da na gani da idona. Na taɓa gina wa wata makarantar Islamiyya a unguwarmu rajistar ɗalibai, na rubuta sunan kowane gurbi da Hausa: suna, sunan mahaifi, aji, izun da yaro ya kai. Malamin da ke riƙe da rajistar dattijo ne da ke karanta Larabci da ajami da boko, bai dai yi Turanci ba. Wani dare bayan sallar isha'i ya kira ni ya ce, “Malam, na'urar nan ta ƙi karɓar yaron, sai wani jan rubutu take yi mini.” Da na je washegari na tarar ranar haihuwa ce kawai ya bari ba a cike ba, kuma jan rubutun yana cewa ne dole a cike wannan gurbi, amma da Turanci, domin saƙon daga cikin Django ya fito, ba daga abin da na rubuta ba. Na juya masa shafin zuwa Larabci, ya ci gaba da aikinsa cikin jin daɗi, sai dai matashin da ke taya shi karɓar kuɗin wata bai ƙware a Larabci ba. Mutum biyu, dukansu Hausawa, suna zaune a kan tabarma ɗaya, ga shi babu harshe ɗaya da na'urar za ta yi musu magana da shi su gane tare.

Babu wanda ya hana mu shiga. Fassarar Django aikin masu sa kai ne da ake yi a dandalin Transifex, inda masu harshe ke neman a buɗe musu rukuni, su bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya, idan aikin ya kankama a shigar da shi cikin fitowa ta gaba. Ba sai mutum ya iya rubuta manhaja ba. Abin da ake buƙata shi ne ya san Hausa sosai, ya kuma fahimci abin da maɓallin yake yi. A nan ne ainihin wahalar take, kuma a nan ne nake ganin aikin ya fi ƙarfin matasan kwamfuta su kaɗai. Shin “ajiye” za a rubuta a kan maɓallin ko “adana”? “Goge” ko “share”, alhali wanda ya saba da Facebook zai iya karanta ta biyun da Turanci ya ɗauka rabawa ake nufi, ya danna ya hallaka bayanan ɗalibi? Yaya za a yi da bambancin rubutu tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Nijar, waɗanda ke rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y? Idan kowa ya fassara yadda ya ga dama, za mu wayi gari da manhajar da Bakano ke karantawa ɗan Maraɗi yana tuntuɓe. Muna da sassan nazarin harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna da masu sa kai na Wikipedia ta Hausa da suka riga suka sha fama da irin waɗannan kalmomi, muna kuma da 'yan jarida da ke ƙirƙiro kalma kullum kafin a buga labari. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da masu rubuta manhaja a zaure ɗaya.

Saboda haka, ya Edita, buƙatata gare ka guda biyu ce. Ta farko, a riƙa kawo labarin irin waɗannan manhajoji na kowa da kowa a shafin kimiyya da fasaha, yadda ake kawo labarin sababbin wayoyi, domin matasanmu su san cewa abin da suke saukewa kyauta mutane ne irinsu ke kula da shi, kuma ƙofa a buɗe take su kai nasu gyaran. Ta biyu, a ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata da za a buga kalmomin da ake taƙaddama a kansu, masu karatu daga Sakkwato da Damagaram da zangon Accra su faɗi wadda ta fi zauna musu a baki. Ni da ɗalibaina mun fara tattara jimlolin shafin gudanarwa a duk ranar Asabar, kuma a shirye muke mu aiko maka da kashi na farko idan ka amince.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Malamin koyar da kwamfuta, Zariya