Awo ɗaya ba zai auna aji da intanet ba

Edita,

Ina da ƙorafi kan fom ɗin da ɗaliban jami'a ke cikewa a ƙarshen zango don tantance kwas. Tun da korona ta mayar da karatu kan Zoom, manhajar taro ta bidiyo a intanet, a 2020, sai ga tambaya iri ɗaya ga kowa.

Ɗalibin aji bayanin malami yake dubawa. Na intanet kuwa, da zarar sadarwa ta katse ko saƙonsa ya kwana uku ba amsa, malami ne zai sha ƙaramin maki, ko da laifin na'ura ne. Mai haɗa biyun, damuwarsa ko aikin gida ya dace da na aji.

Hukumomin jami'a su ware wa kowane tsari nasa tambayoyin mana.

Naka,
Wani mai karatu