Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan ƙirƙirarriyar basira da amanar bincike

Samaru, Zariya.

Ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka ta shaida mini cewa ka kammala maƙalarka ta farko a kan cututtukan masara, har kana shirin aika ta mujalla. Allah Ya sanya albarka. Kafin ka aika, ina so ka saurare ni a kan wannan na'ura da ta shigo hannun kowa tun lokacin da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022.

Ban hana ka amfani da ita ba. Turanci ba da shi aka haife mu ba, kuma aiki mai kyau yakan sha wuya a hannun edita saboda kurakuran nahawu kawai, don haka idan ta gyara maka jimla babu laifi, muddin ka faɗa. Mujallar Nature ta bayyana tun a watan Janairu na 2023 cewa ba za ta karɓi na'ura a matsayin marubuciya ba, kuma wanda ya yi aiki da ita ya rubuta hakan a cikin maƙalarsa. A watan Fabrairu kwamitin COPE mai kula da ɗa'ar wallafa bincike ya tsaya a kan wannan matsayi, bisa hujjar cewa na'ura ba ta iya ɗaukar alhakin abin da aka rubuta. Ke nan duk layin da ke ƙarƙashin sunanka, kai za a tsare da tambaya a kansa.

Inda na fi jin tsoro shi ne manazarta. Ita wannan na'ura kalma take ɗorawa a kan kalma bisa abin da ya fi dacewa ya biyo baya, shi ya sa takan kawo maka sunan masani na gaske, da mujalla ta gaske, da shekara da lambar shafi tsaf, alhali kuwa maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen da ChatGPT ta ƙaga. Malamanmu na cikin birni ba sa karɓar hadisi sai sun bi isnadinsa mutum bayan mutum. Haka nake so ka bi kowace maƙala da ka ambata, ka nemo lambar DOI ɗinta, wato lambar shaidar da ke kai ka ga maƙalar a intanet, ka buɗe ta, ka karanta shafin da idonka. Wadda ba ka samu a intanet ba, ka turo mini sunanta in sa a duba a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello.

Alƙaluman gona kuwa, kada ka bari ta taɓa su. Idan tsutsa ta cinye maka fili ɗaya, ka rubuta cewa ta cinye, kada ka nemi a cike maka gurbin. Haka ma zane: a watan Fabrairu na 2024 wata mujallar kamfanin Frontiers ta janye maƙala cikin 'yan kwanaki saboda hoton ɓera da na'ura ta zana, mai ɗauke da kalmomi marasa ma'ana. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda hoton ya wuce ta gaban masu tantancewa.

Kai ma wata rana za a turo maka aikin wani ka tantance shi. Amana ce, kada ka loda shi a cikin na'ura don ta taƙaita maka, domin ba ka san inda zai ƙare ba. Saboda wannan dalili ne hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta haramta wa masu tantance buƙatun tallafi yin haka a watan Yuni na 2023.

Ka karanta ƙa'idojin mujallar da ka zaɓa, kuma ka sanar da malamin da ke duba aikinka duk inda ka yi amfani da na'urar tun kafin ya sa hannu. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Wassalam,
Mahaifinka.