Masuntan bakin teku na ƙarewa, kowa ya yi gum

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana kan wasu bayin Allah da ba a cika tunawa da su ba, wato ƙananan masunta masu kamun kifi kusa da gaɓar teku, waɗanda ke tura kwale-kwale tun asuba su dawo kafin rana ta faɗi. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce ƙananan masunta na teku da na koguna su ke kamo kusan kashi 40 cikin 100 na kifin duniya, amma in an zauna rabon teku ba a ko kiransu.

Kullum sai kaji ana cewa wai kifi ne ya ƙare, kamar shi ya tattara kayansa ya gudu. Ruwan da ke kusa da gaɓa fa nan ne kifi ke yin ƙwai, nan ƙanana ke girma cikin ciyayin ruwa, to sai ga manyan jirage masu jan taru a ƙasan teku sun shigo nan ɗin suna sharewa, babba da ƙarami, mai amfani da mara amfani, su kankare ƙasan tas, abin da ba sa so su watsar da shi matacce, wasu ma cikin dare suke shigowa su kashe na'urar da ke nuna inda suke, su tsinka komar talaka su wuce abinsu. Kuma da yawansu da tallafin mai na gwamnatocinsu suke wannan aiki, sai a 2022 ƙungiyar kasuwanci ta duniya WTO ta iya cimma yarjejeniyar rage irin wannan tallafi bayan shekara 20 ana ja-in-ja. A 1974 kashi 10 cikin 100 ne kawai na kifayen teku ake kamawa fiye da kima, yanzu ya haura kashi ɗaya cikin uku.

Wanda ke ganin zuzutawa nake ya dubi Newfoundland a Kanada. Kusan shekara 500 mutane na cin abinci da kifin da ake kira kod, tun a shekarun 1980 ƙananan masuntan wurin ke ta kuka cewa kifin na raguwa kuma wanda suke kamawa sai ƙara ƙanƙancewa yake, aka ƙi sauraronsu saboda manyan jirage na ta dawowa maƙil. A Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum kusan 30,000 suka wayi gari ba sana'a. An ce na shekara biyu ne, wallahi sai 2024 aka sake buɗewa. Cikin shekara goma bayan rufewar lardin ya rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na mutanensa, matasa duk sun watse neman aiki. To yanzu ko kifin ya dawo wa zai kama, yaron da ya tashi bai taɓa ɗinke koma ba, bai san iska ba bai san igiyar ruwa ba? A Sikotilan ma haka, a 1984 aka cire dokar da ta hana jan taru cikin mil 3 daga gaɓa, kifin mashigin Clyde ya yi ƙasa warwas.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na Senegal da Gambiya da Muritaniya. An kakkafa masana'antu a bakin ruwa suna niƙe ƙananan kifi, irin wanda talaka ke iya saya, su mai da shi gari a fitar waje a ciyar da kifin gona da dabbobi. Matan da ke banda da shanya kifi su sayar sun rasa na saye, mai sassaƙa kwale-kwale da mai gyaran inji da mai ƙanƙara kowa ya ji a jikinsa, dan masunci ɗaya mutane da yawa ne ke ci a bayansa. Ƙarshenta kwale-kwalen da aka sassaƙa dan kamun kifi shi ake cikawa da samari a nufi tsibiran Kanari na Sifaniya, a 2006 kaɗai sama da 30,000 suka isa can, waɗanda ruwa ya ci kuwa Allah kaɗai ya san yawansu.

Ba wai ƙananan ba su da laifi ba ne fa, akwai masu amfani da koma mai ƙananan ido da masu jefa nakiya ko zuba guba, wannan ɓarna ce kuma a hukunta su. Amma in an tashi rufe kamun kifi na wata ɗaya ko biyu mai kwale-kwale ne ke kwana da yunwa, mai jirgi ya koma ruwan wata ƙasa ya ci gaba, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi kenan.

Ƙasashe da yawa na da dokar da ta keɓe wa ƙananan masunta 'yan mil daga gaɓa, a takarda dai, jirgin sintirin da zai tsare wurin ne babu, ko akwai shi ba mai. Ni roƙona Edita, ku riƙa bibiyar labarin nan, ku buga mana su wa ake ba lasisi, nawa suka biya, kuma jirgi nawa aka taɓa kamawa a cikin ruwan da aka hana su shiga.

Naku, mai karanta jaridarku a kullum.