Masu zane a kan kek, mu riƙa duba abin da muke shafawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu yin kek a nan Zariya, musamman mu da muka rungumi zane da burushi a kan fondan, wato kwaɓin sukarin nan da ake lulluɓe kek da shi. Yanzu duk bikin da ka je, Samaru ne ko Tudun Wada ko cikin birni, sai ka ga kek ɗin amarya an zana masa furanni an ja masa ruwan gwal a baki, wallahi abin yana burge ni, balle ma 'yan matan da hannunsu ya saba da lalle, su kam da sun riƙe burushi shi kenan. To amma abin da muke shafawar nan fa cikin mutane yake zuwa, yawanci ma yara, don su ne ke rububin wajen da ya fi ƙyalli.

Hodar gwal ɗin nan da muke saya a ƙananan robobi ba duka ake ci ba. Wata an rubuta mata edible, ita ce ta ci. Wata kuma non-toxic kawai aka rubuta, wato ba guba ba ce amma ba a ce a ci ba, ko a ce don ado ce kaɗai, irin wannan a kan furen da za a cire kafin a yanka kek ake sa ta. Wata ma ba rubutun komai, an ɗura ta ne daga babban gwangwani, ba sunan kamfani ba lambar NAFDAC, mai shago ya ce miki ai kowa ita yake saya. A Amurka, jihar Rhode Island, a 2018 yara 6 suka kama amai da gudawa bayan cin kek ɗin bikin haihuwa, da aka bincika ashe hodar da aka shafa cike take da garin jan ƙarfe. A 2019 kuma a jihar Missouri aka samu dalma a jinin wani yaro ɗan shekara 1 ta wannan hanyar. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Sai batun abin da ake kwaɓa kalar da shi. Bidiyoyin YouTube da muke koyo a ciki yawanci vodka suke zubawa saboda tana bushewa nan take, ita kuwa giya ce, kuma lemon extract, ruwan ƙamshin lemon tsamin nan da wasu ke cewa shi ne madadi shi ma akwai barasa sosai a ciki, a karanta jikin kwalbar a gani. Ni dai man koko, wato cocoa butter, nake narkawa in kwaɓa kalar gari a ciki, in ɗora faranti kan kofin ruwan zafi kar ya daskare, yana bin burushi sumul. In kalar jel ce to ɗigon ruwa kaɗan, a goge burushin a jikin tishu tukuna, don ruwa da yawa narkar da sukarin yake, sai fondan ya yi danƙo har ya yi rami a wajen. Kuma a bar fondan ya kwana ya sha iska kafin a taɓa shi. Da hunturu nan da nan yake bushewa har ya tsattsage, a watan Agusta kuwa gumi yake, in kika fito da shi daga firij kala ta fara zuba sai dai haƙuri. Jelatin ɗin cikin fondan ma, wato sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabba, a tambayi asalinsa, akwai na alade a duniya.

Su ma masu ba da oda, Hajiya ki tambaya, kuɗinki ne kuma 'ya'yanki za su ci, mai sana'ar kirki ba za ta ji haushi ba, robar ma za ta ɗauko ta nuna miki. Masu koyar da kek kuma a sa wannan a darasin farko tun kafin a kai ga fure. Jami'an NAFDAC don Allah ku riƙa leƙa shagunan kayan kek na Sabon Gari ku ga waɗannan robobin marasa suna.

Na gode.

Wata mai yin kek,
Samaru, Zariya