Kada agogon gwaji ya ruɗe mu a tseren motocin bana

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri, ku da abokan aikinku, tare da roƙon ku sammini fili a shafin wasiƙu. Ni rewaya ne a Ƙofar Ruwa, nan Kano, kuma na haura shekara 25 ina bin wayar mota. Na san ƙwallon ƙafa ta cinye shafinku na wasanni, ban kuma ga laifinku ba, tunda ita jama'a ke nema. Amma akwai irinmu da ke bibiyar tseren motoci na Formula 1, kuma kullum ƙaruwa muke, musamman a cikin yaran gareji masu wayar hannu. Ni tun 2008 na faɗa ciki, ranar da Lewis Hamilton ya wuce Timo Glock a kwanar ƙarshe ta tseren Brazil, ya zama baƙar fata na farko da ya ci kambin duniya. Tun daga ranar ban sake barin kaka ta wuce ni ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a farkon wannan shekara ta 2026 shi ne, saura kwanaki kaɗan a fara gwajin sababbin motocin 2026. Za a fara a Basalona ta Sifaniya daga 26 zuwa 30 ga Janairu, a rufe, ba 'yan kallo. Daga nan a koma Baharen sau biyu, 11 zuwa 13 ga Fabrairu, sai kuma 18 zuwa 20. Na san abin da zai biyo baya, domin duk shekara haka ake yi. Da yamma ta yi za a fitar da jerin sunaye, wane ne ya fi sauri, wane ne na ƙarshe, sai a kwaso shi a watsa a Facebook da WhatsApp kamar an gama kaka. Roƙona gare ku shi ne, idan za ku kawo labarin gwajin nan, kada ku tsaya a kan wannan jerin. Shi ne abin da ya fi komai yaudara a duk harkar.

Bara ma an yi haka. A gwajin Baharen na 2025, Carlos Sainz ne ya fi kowa sauri da motar Williams. Wani yarona da ke koyon aiki ya shigo shago da murna yana nuna mini waya, wai Williams ta dawo. Na ce masa ya ajiye wayar ya ɗauko mita. Da aka gama kaka, Williams ta biyar ta zo, ba ta ci tsere ko ɗaya ba. McLaren ce ta kwashe 14 cikin 24, Lando Norris ya ɗauki kambi da maki 423, Max Verstappen na biye da shi da 421. A 2019 ni kaina sai da gabana ya faɗi, domin Ferrari ta yi ta walƙiya a gwajin Basalona, kowa na cewa Mercedes ta shiga uku. Da aka fara tsere Mercedes ta ci guda 8 na farko a jere.

Duk bakaniken da ya taɓa fita gwajin mota bayan ya gama aiki ya san dalilin. Motar da ka hau kai kaɗai, ba lodi, tanki kusan ƙaf, in ka taka ta a titin Zariya sai ka rantse sabuwa ce. Bari mai ita ya cika ta da iyali da buhuna ya nufi Jos, a hawan dutse za a san ko aikin ya yi. Haka motar tsere take. Har zuwa bara tana iya ɗaukar mai kilo 110, kuma masu aikin sun ce duk kilo 10 na ƙara wa zagaye ɗaya wajen kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa. Ke nan tsakanin cikakken tanki da wanda ya kusa ƙarewa akwai daƙiƙa 3 ko fiye, a wasan da ake raba na ɗaya da na goma da ƙasa da daƙiƙa guda. A wajen gwaji babu mai tilasta wa ƙungiya ta faɗi man da ta zuba. Ga kuma taya. Kamfanin taya na Pirelli na kawo iri-iri, daga mai tauri da ke jure tafiya zuwa mai laushi da ke kama kwalta kamar ƙaro amma ta cinye nan da nan. Wanda ya ɗaura mai laushi da magariba, bayan kwalta ta huce, dole ya fi wanda ya yi ta fama da mai tauri da tsakar rana. Sannan injiniya na iya rage wa injin ƙarfi daga kwamfuta, don kada maƙwabta su gane abin da ke cikin tukunyarsa. Ƙaramar ƙungiya mai neman masu talla kuwa, tanki marar nauyi da taya mai laushi sun isa su sa sunanta a saman jeri na yini guda.

To me ya kamata a duba? Ni abin da nake fara ƙirgawa shi ne yawan zagaye. Filin Baharen tsawonsa kilomita 5.4 ne, tseren kuma zagaye 57. Motar da ta yi zagaye 130 a yini ba tare da an turo ta gareji ba, ta yi tsere biyu da ɗoriya ke nan, injiniyoyinta sun koma masauki da tarin bayanai. Wadda ta yi 20 aka rufe mata ƙofa ana kwance bayanta, ko da ita ce ta fi sauri a zagaye ɗaya, tana cikin matsala. Bayan wannan sai doguwar tafiya, inda direba zai yi zagaye 15 ko 20 a jere a kan taya ɗaya. A nan ɓoye-ɓoye ke wuya, domin ana ganin yadda lokacin ke zamewa a hankali yayin da taya ke cinyewa. Idan kuka ga mota da wani koren fenti an shafa mata a gefe, ko wani abu kamar ragar ƙarfe a bayan tayar gaba, ba ado ba ne, suna duba yadda iska ke bin jikinta, ko ya dace da abin da kwamfuta ta nuna musu a masana'anta.

Bana maganar zagaye ta fi kowace shekara nauyi, domin an sauya injin da bodi a lokaci guda. Nan ne abin ya shigo gonata. Injin dai yana nan yadda yake, lita 1.6, filogi shida, da na'urar cusa iska da muke kira tobo. Amma an cire janaretan da ke manne da tobon yana tara wuta daga hayaƙin salansa, saboda tsada da wahalar ƙerawa, don sababbin kamfanoni su samu shiga. Aka bar wanda ke tara wuta idan an taka birki, aka ɗaga ƙarfinsa daga kilowat 120 zuwa 350. Yanzu kusan rabin ƙarfin motar daga lantarki zai fito. Shi kuwa batir bai ƙaru yadda motar lantarkin ta ƙaru ba. In direba ya danne totur ya saki wutar duka, cikin daƙiƙa goma sha wani abu ya zazzage shi. Saboda haka dole ya riƙa lissafin inda zai tara da inda zai kashe, kamar magidanci da albashin wata.

Ina gyaran motocin haibirid, masu haɗa mai da lantarki, irin su Prius da suka fara yawa a garin nan. Abin da na koya a kansu shi ne zafi ne babban abokin gabar batir. Sau da yawa mota za ta zo tana kuka da rashin ƙarfi, in ka buɗe sai ka tarar ƙura ce kawai ta toshe fankar da ke sanyaya batir, kwamfuta ta ji zafi ta rage wuta don ta kare shi. To ina ga batirin da ake cikawa ana zazzagewa a kowane zagaye har na awa ɗaya da rabi? Shi ya sa ba zan ba gwajin Basalona muhimmanci sosai ba. Janairu sanyi ake yi a can, komai zai yi lafiya. A zafin Baharen ne za a ga wanda ya tsuke bodinsa fiye da kima, har sai ya huda ramuka don iska ta shiga.

An taɓa ganin irin wannan. A 2014, lokacin da aka fara kawo injinan haɗin lantarki, ƙungiyar Red Bull ta zo gwajin Jerez ta Sifaniya tana riƙe da kambi huɗu a jere tare da Sebastian Vettel. Cikin kwana huɗu zagaye 21 kacal ta iya yi, injin Renault na zafi, wayoyi na ƙonewa. Mercedes kuwa tana ta zagayawa kamar jirgin ƙasa. A shekarar ta ci 16 cikin tsere 19. Wannan karon Juma'ar ta nuna kanta tun daga Laraba, amma a yawan zagaye ta nuna. Kuma don a yi adalci, Red Bull ɗin ta farfaɗo ta zo ta biyu, Daniel Ricciardo ya ci mata sauran ukun. Akwai kuma Brawn a 2009, ƙungiyar da Honda ta watsar, ta zo gwaji a makare da farar mota ba talla, ta fi kowa sauri. Mutane suka ce tanki ne babu mai, neman kuɗi take. Jenson Button ya ci 6 cikin 7 na farko. Waɗanda suka duba doguwar tafiyarta tun a gwaji sun san da gaske take.

Game da wa zai yi abin kirki bana, ga yadda nake gani. Ƙungiyoyi huɗu ne za su ɗaura injin Mercedes: ita kanta, McLaren, Williams da Alpine, wadda ta daina ƙera nata na Renault. Motoci takwas na tara wa masana'anta ɗaya bayanai, wannan ba ƙaramar riba ba ce a shekarar da kowa ke lalube. Saboda haka ina sa ran kokawar farko tsakanin McLaren da Mercedes za a yi ta, Norris da Oscar Piastri a gefe guda, George Russell da matashi Kimi Antonelli a ɗaya gefen. Red Bull ta ɗauko babban kaya, domin karo na farko ke nan da take ƙera injinta da kanta, tare da Ford. Kamfanin lemon kwalba zai kara da waɗanda suka shekara aru-aru suna ƙera inji. Amma suna da Verstappen, wanda bara aka ba shi ratar maki sama da 100 ya kusa cimma ta, don haka ba na cire su daga lissafi.

Aston Martin ce ta fi ɗaukar hankalina. Ta samu Adrian Newey, mai zanen da motocinsa suka ci kambi a Williams da McLaren da Red Bull, ta kuma samu injin Honda. Sai dai ina tuna 2015, lokacin da Honda ta dawo tseren tare da McLaren, suka sha wuya har suka ƙare na tara, kuma Fernando Alonso ne ke riƙe da sitiyari a lokacin. Yanzu yana da shekara 44, ga shi sun sake haɗuwa. Ina yi masa fatan kada a maimaita. Audi ta karɓi ƙungiyar Sauber, injin a Jamus, bodi a Suwizalan. Cadillac ta Amurka ta shigo a matsayin ƙungiya ta 11, da injin Ferrari da tsofaffin hannu biyu, Valtteri Bottas da Sergio Pérez. Audi da Cadillac a yi musu uzuri. In motarsu ta kai ƙarshen tsere ba hayaƙi, sun yi abin yabo a shekarar farko.

Zuciyata dai tana Ferrari, saboda Hamilton. Bara ta yi mini ciwo. Mutumin da ya ci tsere 105 da kambi 7 ya gama kaka bai hau dandamalin ukun farko ba ko sau ɗaya a babban tsere, in ban da gajeren tseren da ya ci a Sin. Shugaban ƙungiyar, Fred Vasseur, ya ce tun watan Afrilu suka daina taɓa fuka-fukan motar bara, wato farantan gaba da baya masu sa iska ta danne mota ƙasa, suka koma kan ta bana. Sun sayar da kaka guda don su sayi wannan. Rabon Ferrari da kambin direbobi tun Kimi Räikkönen a 2007. Motocin bana sun fi na da gajarta da siranta, an rage musu kilo 30, kuma fuka-fukan gaba da na baya za su riƙa buɗewa a miƙaƙƙen titi suna rufewa a kwana. Ina kyautata zaton mota mai sauƙin juyawa za ta fi dacewa da hannun Hamilton, mai son taka birki a makare, fiye da waɗanda aka yi amfani da su tun 2022. Amma ko Ferrari ta hau saman jeri duk kwana shida na Baharen, ba zan yi murna ba sai na ga zagayenta da doguwar tafiyarta.

Don haka, Malam Edita, idan wakilinku zai rubuta labarin, ina roƙon ya haɗa mana da adadin zagayen kowace ƙungiya, irin tayar da aka ɗaura, da lokacin yinin da aka yi saurin. Layi uku ne kawai za su ƙaru, amma yaranmu za su koyi karanta abin da idon bakanike. Da yawansu nan gaba batir da kwamfutar mota za su ci abinci da su, kuma na lura wanda ke kallon tseren nan ya fi saurin fahimta idan ina bayanin yadda birki ke cajin batir.

Tseren farko ranar 8 ga Maris ne a Melbon ta Ostireliya, domin an ɗaga na Baharen da na Saudiyya zuwa Afrilu saboda azumi. A agogonmu zai kama wajen ƙarfe biyar na asuba, daidai ƙarshen sahur. Na riga na gaya wa yaran shago su kwana a gidana ranar. Za mu ga tashin motoci 22 da kofin kunu a hannu, mu tafi masallaci, mu dawo mu ƙirga nawa ne suka rage a kan titi.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai karatunku, rewaya daga Ƙofar Ruwa, Kano.