A riƙa tausaya wa 'yan uwanmu mazauna Saudiyya da azumi

Assalamu alaikum Edita, barkanmu da shan ruwa, da fatan ana ibada lafiya. Don Allah a ba ni fili in yi magana da mutanenmu na karkara a kan 'yan uwanmu da ke zaune da iyalansu a Saudiyya, don abin da muke musu duk azumi wallahi ya fara yawa.

Da an ce an ga wata sai wayoyinsu su hau ruri. Wannan buhun gero yake so, wancan suga, waccan kayan sallar yara, har da wanda rabonsa da ya gaishe su tun sallar bara, kuma in ba a ji alat ba sai a fara cewa wane ya samu duniya ya manta da gida. Mu a ganinmu duk wanda ke kusa da Ka'aba da tsintsiya yake share riyal.

Yayana ma'aikacin jinya ne a Jidda, matarsa da yara uku suna wurinsa. Tun watan Yulin 2017 gwamnatin can ta sa wa baƙi haraji a kan iyalansu, aka fara da riyal 100 duk wata a kan kowane mutum ɗaya, zuwa 2020 ya kai 400. Ka lissafa mutum huɗu, riyal 1,600 ke nan duk wata, ba a zo maganar haya ba, ba a zo kuɗin makaranta ba, ga sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Sannan rusau ɗin da aka yi a tsofaffin unguwannin Jidda a 2022, irin su Karantina inda Hausawa da yawa suke, ya tarwatsa mutane kuma haya ta yi sama. Waɗanda ba su da iƙama kuwa sai dai addu'a, kullum a ɗar-ɗar suke.

Ba na musun akwai daɗi. Dokar ƙwadagonsu ta rage wa Musulmi aiki zuwa awa 6 a rana cikin Ramadan, ga Makka kusa, mutum zai yi umara ya sha ruwa a Harami da dabino da zamzam ya yi tarawihi ya dawo gida, wannan kam Allah ya kai mu mu ma.

Amma fa ku tambayi matan. Yaya in ya tafi aikin dare, matarsa ita kaɗai ce da yara a bene, ƙofa a kulle, maƙwabcin ma ba ta san sunansa ba. Babu yaron da zai yi sallama da kwanon ƙosai ya ce in ji Inna, babu ciyayya, ba wadda za ta leƙo ta katanga ta ce sannu da aiki. Sambusa da shurba sun cika gari amma ita kunun tsamiya take nema, geron ma sai ta yi cigiya wurin 'yan uwa Hausawa. Suna riga mu shan ruwa da wajen awa biyu, to a lokacin take kiran Inna a bidiyo, Inna na bakin murhu tana fifita wuta hayaƙi na shiga idonta, ita kuma sai ta ce a bar wayar a kunne kawai ta ji hayaniyar gidan. Yaran ba su taɓa ganin tashe ba, autan ma Hausarsa a karye take, kakarsa ta yi masa wasa sai ya tsaya yana kallon uwarsa ta fassara. Abin nan yana ci mini rai.

Roƙona shi ne wanda yake cikin matsi na gaske ya faɗa, zumunci ne, ba laifi. Sauran mu kuwa mu kira su mu ce ya ibada, ya yara, mu ajiye waya ba tare da mun karanto lambar akawu ba. In goma ga wata ta yi yara suka fito tashe a ɗauka a tura musu ta WhatsApp. Wanda kuma Allah ya nufa da umara daga garinmu, a ƙulla masa tsamiya da kuka da daddawa ya kai musu.

Na gode Edita, Allah ya karɓi ibadunmu.

Naku mai karatu,
daga karkarar Ringim, jihar Jigawa