A faɗa wa jama'a iyakar abin da tsirrai ke yi wa kolestarol

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tsoma baki kan zancen da ya yi yawa a kwanakin nan, wai akwai tsirrai da ke wanke kolestarol, wato wani nau'in kitse, daga jini har mutum ya ajiye maganin likita.

Zancen na da ƙamshin gaskiya. Sinadaran sitirol da sitanol da ke cikin man tsirrai da hatsi da dangin gyaɗa sun yi kama da kolestarol ƙwarai, don haka suke tare masa hanyar shiga jini ta hanji, abin da ya rage kuma ya fita da bayan gida. Giram 2 a kullum kan rage mugun kolestarol, wato LDL, da kusan kashi 10 cikin 100. Sai dai abincin yau da kullum da ƙyar yake ba mutum rabin giram, shi ya sa tun 1995 aka fara sayar da man shafa burodi mai ƙarin sitanol a Finland. Haka ma beta-gulukan, wani nau'in harza na hatsin oat da sha'ir: sai ya kai giram 3 a rana kafin a ga amfaninsa.

To, kashi 10 ba abin raini ba ne, amma ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya bai isa ba. Magungunan sitatin masu ƙarfi suna rage LDL da rabi ko fiye.

Abin da ya fi damuna shi ne tunanin cewa duk abin da ba daga asibiti ya fito ba, ba ya cutarwa. Jar shinkafar da ake tsimawa da wani nau'in naman gwari tana ɗauke da monakolin K, wanda shi ne dai lobastatin, wani maganin sitatin da likitoci ke rubutawa, da illolinsa ga hanta da tsoka. Mai haɗa su biyun magani ɗaya yake ninkawa bai sani ba. A 2022 Tarayyar Turai ta taƙaita monakolin K ɗin jar shinkafar zuwa ƙasa da miligiram 3 a rana.

Ina roƙonka, ya Edita, duk mai tallar irin waɗannan kaya da ya zo shafinku, a tambaye shi wane sinadari ne a ciki kuma giram nawa, sannan a ba likitan zuciya fili ya yi bayani.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum